Awarwaro Hamsin da Uku

Unguwar Masunta,
Ratnagiri.

Zuwa ga jikata Ketaki,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri daga kakanki. Ina roƙon Ubangiji ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya kare ki daga zafin Delhi da hayaƙinta, ya sa albarka a hannun da kike rubutu da shi. Mu nan lafiya lau muke. Damina ta yi ƙarfi bana, jirage duk suna kife a kan yashi an lulluɓe su da ganyen kwakwa, babanki Dinkar yana ta ɗinkin koma yana faɗa da kowa saboda zaman banza. Ƙafar mahaifiyarki ta yi sauƙi. Ƙanenki Omkar ya ci jarrabawa, yanzu ko gaishe ni zai yi sai ya gyara wuyan riga. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san hannun da ya shekara arba'in yana jan igiya kafin ya riƙe alli ba zai taɓa yin layi a miƙe ba.

Dalilin wannan takarda shi ne na karanta littafinki. Ni da kaina, da idona da tabarau ɗina, tun daga bangon farko har na ƙarshe, ba wanda ya taya ni ko da kalma ɗaya. Farin cikin da nake ciki ba zai shiga ambulan ba. Amma kafin in gaya miki shi, sai na fara wanke kaina a wurinki.

Shekara biyu ke nan ba ki taka gidan nan ba, kuma na san dalili. Da littafin ya fito da Turanci, masu Turancin unguwa suka karanta suka yi ta raɗa, babanki ya kira ki a waya ya ce kin kwance wa kakarki zane a kasuwa. Ni kuwa ban ce komai ba, kika ɗauka shiruna fushi ne. Ba fushi ba ne, 'yar nan. Omkar ya ce zai fassara mini, na ce a'a. Malamin makaranta ma ya zo har gida, na ba shi shayi na sallame shi. Kin san marigayiya kakarki, Ajinki kamar yadda kuke kiranta, ita ce ta tura ni ajin yamma ina ɗan shekara sittin, na zauna tsakanin mata masu sayar da kifi suna yi mini dariya. Duk ranar da na ce na gaji, sai ta ce, tashi ka tafi, gemu ba ya hana ilimi, wata rana za a aiko maka da takardar da ba za ka so wani ya karanta maka ba. Na ajiye littafinki kusa da hotonta, na ce zan jira. Da aka juya shi zuwa harshenmu Marathi watan jiya, na sa aka sayo mini, na zauna a baranda na fara.

Kin canza mana sunaye, amma kin bar mini karyayyen haƙorina, kin bar wa Bhiku dariyarsa mai kama da kukan jaki. Tun shafi na uku na gane mu ne: ni, da abokina Bhiku, da Sindhu kakarki, muna 'yan shekara ashirin ko ƙasa da haka. Na ga yadda muke satar mangwaro, da yadda ta yi mana gori cewa maza biyu sun kasa kai ta tsibirin nan mai tsohuwar ganuwa ta ga rijiyar ruwan daɗi a tsakiyar teku. Na ga safiyar da muka ɗauki kwale-kwalen baban Bhiku saura kwana huɗu Ranar Kwakwa, alhali ko yaron goye ya san ba a shiga teku sai an jefa mata kwakwarta. Kin rubuta iskar nan da ta taso mana a hanyar dawowa kamar kina cikin jirgin. Da na zo inda jirgin ya bugi dutse, Bhiku ya kamo Sindhu ta gashi ya yi iyo da ita har gaɓa, sai da na ajiye littafin na sha ruwa.

Sauran ma na san shi, ko in ce na ɗauka na sani. Dattawa suka ce laifi biyu ne a kan Bhiku: ya shiga teku kafin a ba ta kwakwa, ya kuma ɗauki budurwar da ba 'yar'uwarsa ba. Suka shirya ranar bikin za su hana shi shiga jirgin kowa har abada. Masunci kuwa in an raba shi da teku, an binne shi ne yana numfashi. Ranar Kwakwa ita ce kuma ranar da mata ke ɗaura wa 'yan'uwansu maza zare. Ana tsaye a bakin ruwa, sai Sindhu ta ratsa taron ta kama hannun Bhiku ta ɗaura masa jan zare a gaban kowa. Ya zama wanta. Mutum ya ɗauki ƙanwarsa a jirgi, ina abin kunya? Dattawa suka yi masa faɗan jirgi kawai suka watse. Amma wanda aka ɗaura wa zare ba ya auren wadda ta ɗaura masa, ko duniya za ta tashi. Bhiku ya haye ƙorama ya koma gidan kawunsa, bai sake yi mini magana ba. Bayan shekara biyu na auri Sindhu.

Shekara hamsin da shida ina tafiya da ƙirji a buɗe, ina cewa a raina ta ɗaura masa zaren ne don ni take so. Sai a shafi na ɗari da goma sha biyu na karanta abin da ta gaya miki a gadon jinya: shi take so. Ta sayi tekunsa ne da zuciyarta. Ba zan ɓoye miki ba, na rufe littafin kwana uku. Na ƙi cin abinci, mahaifiyarki ta yi ta dafa kifi da tsamiyar kokum tana mayarwa. Na tsaya gaban hoton na ce, Sindhu, ashe wannan ce takardar da kika tura ni makaranta dominta? A rana ta huɗu na ce tsoho da kai, ka ƙarasa abin da ka fara. Shafi shida kawai na ƙara na tarar da inda take cewa, na farko zuciyata ce ta zaɓe shi ba ta shawarce ni ba, na biyu kuwa ni na zaɓe shi da idona biyu, kuma kowace safiya sai na sake zaɓensa. Wannan maganar ba ƙirƙira kika yi ba, na san bakinta. Na yi kuka har Omkar ya leƙo, na ce masa hayaƙin murhu ne, ya ce Ajoba, wato Kaka, ai ba a hura wuta ba.

Washegari na sa farar rigata na hau jirgin fito. Ƙoramar nan ba ta kai tafiyar shan kofin shayi ba, amma ni sai da ta ɗauke ni shekara hamsin da shida. Matar ɗansa Sulabha ce ta tarbe ni, ta taɓa ƙafata don girmamawa, ta ce mini a hankali idonsa ya tafi shekara huɗu ke nan, kuma likita ya ce zuciyar ta gaji, ba ya jin zai ga ƙarshen damina. Na same shi kwance a kan gadon igiya, ya zama kamar busasshen kifi. Tari kawai na yi. Sai ya ce, wannan tarin na ɓarawon mangwaro ne, Yesha, me ka zo sata kuma, ai ba abin da ka bar mini. Na ce karatu na zo yi maka. Ya yi dariyar nan tasa har ya shaƙe, ya ce wai ni, da ban san bambancin harafi da sawun kaguwa ba? Na ce ka yi shiru ka ji, makaho ba ya zaɓen mai ja masa gora.

Kwana tara ina hayewa kowace safiya. Ya ce karatuna kamar akuya tana hawan tsani, amma in na makara sai ya sa Sulabha ta tsaya a bakin ruwa. Yana ta yi miki gyara: wai mangwaron ba na liman ba ne, na mai shago ne, kuma wai ba shi ya fara yin amai a jirgi ba, ni ne. Da muka zo shafi na ɗari da goma sha biyu, na karanta shi ban tsallake ko ɗigo ba. Ya juya fuskarsa bango. Can ya ce shi duk zamansa ya ɗauka ni na zuga ta ta ɗaura masa zaren don in kawar da shi daga hanya. Na rantse masa ban san za ta yi ba. Ya ce ya yarda, domin ba ni da wayon da zan shirya haka.

To, Ketaki, ga inda nake so ki buɗe kunne. Akwai kuskure a littafinki, shafi na tamanin da huɗu. Kin rubuta cewa Bhiku ne ya kwance igiyar jirgin. Ni na kwance ta. Shi yana ta cewa mu jira bikin ya wuce, ni na kira shi matsoraci a gaban Sindhu. Ranar da dattawa suka zauna kuwa, suka tambaya wa ya kwance, na sunkuyar da kai na yi shiru, na bar shi da laifin tunda jirgin na babansa ne. Da na buɗe baki, da an raba laifin biyu, wataƙila da ba a kai ga zare ba. Ajinki ta sani, ta rufa mini asiri har a wurinki. Na faɗi wannan a gaban Sulabha da 'ya'yanta, na kama ƙafar Bhiku na ce ya yafe mini. Ya ce in saki ƙafarsa hannuna sanyi, kuma ya yafe tun kafin a haifi babanki, jira kawai yake in zo in karɓa. Idan za a sake buga littafin, ki gyara wurin. Ki sa ni ne. Babanki ya ji wannan daga bakina, ya fita bakin ruwa ya daɗe, da ya dawo ya ce in gaya miki ɗakinki yana nan, ya ma gyara inda yake yoyo. Iyakar ban-haƙurin da ya iya ke nan, ki karɓa.

Saura abu ɗaya, shi ne ya sa ban jira wayar Omkar ba na ɗauki alƙalami. Kin san kowace shekara Ajinki takan ba mai jirgin fito zare ya kai wa Bhiku, kuma bai taɓa aiko da tukwicin da wa ke ba ƙanwarsa ba. Ni na ɗauka a ƙorama yake zubarwa. Ranar da muka gama littafin ya sa aka jawo wani tsohon gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. Zaruruwan suna ciki, wasu sun koɗe sun zama fari. Kowane zare an ɗaure shi a jikin koren awarwaro na gilashi. Duk shekara sai ya je kasuwa ya saya mata ɗaya, ya dawo ya kasa aikawa. Na ƙirga su da hannuna, hamsin da uku. Na ce ya ba ni in aiko miki, ya ƙwace gwangwanin ya rungume, ya ce ɓarawon mangwaro ba a ba shi ajiya. Ya ce jikar ƙanwarsa jikarsa ce, kuma ba zai sa su a hannun kowa ba sai hannun da ya rubuta littafin. Na ce Delhi da nisa. Ya ce shi dai zai yi ƙoƙari ya kai Ranar Kwakwa, bayan nan bai yi wa kowa alkawari ba.

Yau saura kwana goma sha tara. An ce jirgin ƙasa kwana ɗaya da 'yan awoyi yake yi in ruwa bai ɓata hanya ba, don haka kada ki bari sai ranar ƙarshe. Zumunta a ƙafa take, ni na koyi wannan a makare, kada ki gaje ni. Ki taho da jan zare, mai sauƙi, ba irin na birni mai ƙyalli ba, hannun nasa ya rame ba zai ɗauki nauyi ba. Shekara uku ke nan ba wanda ya ɗaura masa.

Akan ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau bishiya ba zai gani ba. Wannan karon yarinya ce ta hango, tsofaffi biyu suna zaune a ƙasa. Amma ƙarshen littafinki ma da gyara. Kin rufe shi da tsofaffi biyu, kowa a gaɓarsa, suna kallon ruwa har mutuwa. Jiya da hantsi tsofaffin nan suna kan tabarma ɗaya suna faɗa a kan wa ya fi cin gurasar shinkafa. Ki zo ki gani, gani ya kori ji.

Mahaifiyarki Vaishali tana gaishe ki, ta ce ki faɗi ranar da za ki sauka ta jiƙa shinkafa. Babanki da Omkar suna gaisuwa, haka Sulabha da 'ya'yanta. Ki gaishe mini da ƙawarki Rukhsana da kuke zaune tare, da mutumin da ya juya littafin zuwa harshenmu, ki ce wani tsoho ya gode. Bhiku ya ce kada in rubuta gaisuwarsa, shi da bakinsa zai yi.

Ubangiji ya kawo ki lafiya, ya sa ki same mu mu biyu.

Ni ne kakanki da ya karanta ki tun daga farko har ƙarshe,
Ajoba Yeshwant Tandel.