Mai Facin Taya a Ƙungiyar Ɗinki

Zuwa ga Uwar Yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kin sauka lafiya, gajiyar mota kuma ta bi jiki. Yaya Auta da ƙarfin jiki? Yaya sabon angon naki, wanda tun bai gama buɗe ido ba ya raba ni da matata? Ki gaya masa ina nan ina jira, in ya isa ya zo mu yi ta maza.

Na zaɓi in rubuto ne saboda duk sanda na kira waya, ko dai shi yana tsala ihu, ko Auta ta sa ni a sifika kowa na saurare, ni kuwa abin da ke bakina ba na taron jama'a ba ne.

Kin ce in kai buhun ƙyallayenki ƙungiyarku ta ɗinki, in ajiye in juyo. Na kai. Juyowar ce ta gagara. Ina shiga ɗakin nan na bayan ɗakin karatu, na tarar da Matar Mai Kemis ta ɗora jakarta a kan kekenki na bakin taga, tana shafa shi kamar akuyar da za ta saya. Shugabarku, tsohuwar hedimistires ɗin nan da har yanzu ba ta rabuwa da rula, ta karanta mini doka: kowace kujera sai ta fitar da bargo guda kafin ranar da za a kai wa gidan kula da tsofaffi, tun sanyi bai kankama ba. Kujerar da ba ta fitar ba, kekenta ya zama na wata.

Na san irin zaman da kika yi a bakin ƙofa, kowa ya shigo ya buge miki gwiwar hannu, kafin keken nan ya zo hannunki. Ban san lokacin da bakina ya ce ni zan ɗinka naki ba. Dariyar da suka yi sai da mai gadin ɗakin karatu ya leƙo. Na ce musu su sassauta, ni da na tsufa ina facin taya ba za a tsorata ni da facin atamfa ba, faci ai faci ne. Shugaba ta dube ni ta saman gilashinta ta ce to Allah ya nuna mana. Baki dai shi ke yanka wuya.

Na ɗauke jakar Matar Mai Kemis da yatsu biyu na miƙa mata, na zauna. Uwar Yara, ashe keken nan mugu ne. Na taka ya yi gaba, na sake takawa ya yi baya, zare ya dunƙule a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Gida dai lafiya lau, sai dai ya yi mini faɗi. Ki rubuto mini yadda ake zura zare a allura ba tare da mutum ya saɓa wa Ubangijinsa ba.

Ki shafa mini kan abokin hamayyata.

Naki har kullum,
Mai Faci

Zuwa ga Uwar Yara,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya kamar yadda nake a nan. Takardarki ta iso, na kuma ga inda kika ce in tashi daga kan kekenki tun ban kashe shi ba. Na karanta wurin da kyau, amma alƙawari ya riga ya shiga tsakani.

Kin manta ba ki gargaɗe ni game da Inna Mai Almakashi ba. Tsohuwar nan tana rataye da almakashin ƙungiya a wuya da igiya, kamar laya. Ranar nan ta ajiye shi ta tafi alwala, ni kuwa ƙafar tebur tana rawa, sai na ɗauka na yanki guntun roba na cusa a ƙarƙashi. Tebur ya tsaya cak. Na zaci godiya za a yi mini. Da ta dawo ta gwada shi a kan yadi ya tauna maimakon ya yanka, ɗakin ya yi tsit, har fankar sama sai da na ji kamar ta rage gudu. Ba ta zage ni ba, da ma zagina ta yi. Kallona kawai ta yi ta ce marigayi mijinta ma bai taɓa taɓa almakashin nan ba, kuma sun rabu lafiya. Na kai shi wurin mai wasa wuƙa, na dawo da shi yana walƙiya, amma har yau in na gaishe ta almakashin take fara dafewa kafin ta amsa.

Aikin kansa kuma, ashe akwai lissafi a ciki. A wurinmu in rami ya fito, ka kankare, ka shafa, ka manna, ka danne, shi ke nan. A nan kuwa wai sai kusurwa ta haɗu da kusurwa, wai ja ba ya zama kusa da ruwan hoda. Na tambayi dalili, aka ce faɗa suke yi. Na ce ni a rayuwata ban taɓa ganin launi ya mari launi ba. Shugaba tana bin layina da rula, duk inda ya karkace ta sa alli, ta ce in warware. Abin da na warware ya fi abin da na ɗinka yawa, ban san yadda hakan ke yiwuwa ba.

Amma kada in ɓoye miki, zaman yana da daɗi. Ana ɗinki ana hira, na san wadda surukarta ta ƙona labule, na san wadda ke ɓoye wa mijinta sukari saboda likita ya hana shi. Da farko in na shigo sai su yi shiru, yanzu har ra'ayina ake tambaya a kan halin maza, ni kuma ina kare mu iya ƙarfina, ko da yake hujjojinsu sun fi nawa.

Na samo wata dabara da za ta gama mini aikin nan cikin sauƙi. Ba zan faɗa miki ba sai ta yi kyau, don ki yi alfahari da ni.

A gaida Auta da maigidanta.

Mijinki,
Mai Faci

Zuwa ga Uwar Yara,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kowa lafiya, kuma mura ta saki angon naki. Na san labari ya riga ni isowa, don Matar Mai Kemis ba ta iya riƙe magana ko ta minti ɗaya, to ki ji daga bakin mai shi.

Dabarar ita ce sholisho. Ina da ragowar gwangwani a akwatin kayan aikina. Na kwaso ƙyallayen gida, na shimfiɗa a tsakar ɗaki, na shafa wa kowanne a gefe, na manna, na danne da dutsen guga. Uwar Yara, da kin ga yadda kusurwa ta sumbaci kusurwa. Da na kai, Shugaba ta bi da rula daga sama har ƙasa ba ta sami inda za ta sa alli ba. Ta ɗaga shi sama ta nuna wa kowa, ta ce su ji kunya, ga namiji ya zo jiya ya wuce su. Na sunkuyar da kai irin na masu tawali'u.

Saura kawai in bi ta kai da keke don a ga zare. Rana ta bugo ta taga, sholisho ya ji ɗumi ya farka. Allura ta shiga ta ƙi fitowa. Na taka da ƙarfi, ta karye. Na sa wata, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Sai wari ya tashi. Wata ta ce kanta na juyawa, wata ta ce gas ne ke zuba a wani wuri, Inna Mai Almakashi kuwa, wadda ban taɓa ganin haƙoranta ba, ta kama dariya ba dalili har da hawaye. Shugaba ta bi warin da hanci, kujera bayan kujera, har ta tsaya a kaina. Ta kai bargon hancinta, ta ja, ta ɗan yi tangaɗi, sannan ta tambaye ni ko tsofaffin nan lulluɓe su muka yi niyya ko sumar da su.

An yi shari'a a take. Matar Mai Kemis ta nemi a kore ni a ba ta keken. Wadda ta cece ni ita ce Inna Mai Almakashi, tana share hawaye ta ce a bar ni, rabon da ta yi dariya haka tun tana ganin ramin allura ba gilashi. Hukuncin shi ne in wanke keken da kananzir, in jefar da na mannawar, in fara sabo da hannu, kuma kada in ƙara kusantar abin da ke da feda. Kekenki ya warke, kada ki tayar da hankalinki, har ya fi da laushi.

Yanzu da basilla nake yi da zare mai kauri, irin wanda na saba. Yatsuna duk sun huje. Na cusa wa bargon auduga, na ga kamar bai isa ba, na ƙara da tsohon bargonmu mai ruwan ƙasa, na sake ƙarawa da labulen da kika ce kin gaji da shi. In mutum zai ba da sadaka ai ya ba da mai kauri. Lokaci ya matso, kowacce ta gama nata, ni kaɗai nake ta fama, har wasu suna zama bayan an tashi su riƙe mini gefe.

Ki yi mini addu'a, ki daina dariya, ina jiyo ki daga nan.

Naki,
Mai Faci

Zuwa ga Uwar Yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da kyau, ina gaida Auta da ɗan ƙwacen nan. Na ji kin ce kin kusa dawowa, Allah ya kawo ki lafiya. Kujerarki tana nan, bargo ya fita, Matar Mai Kemis ta koma da jakarta inda ta fito.

Sai dai bargon, gaskiya, ba ya shiga hoto. Mata biyu ne suka ɗaga shi zuwa mota, ɗaya tana cewa a ƙugunta ta ji. Shugaba ta sa shi can ƙasan tuli, ta ce wataƙila a sami mai buƙatar abin shimfiɗa a ƙasa.

A gidan tsofaffin an jera su a babban ɗaki, kowa na zaɓen nasa, ana ta sa albarka. Wani tsoho ne kawai a keken guragu ya juya wa taron baya. Ma'aikaciyar wurin ta ce a rabu da shi, da kowa yake faɗa, duk bargon da aka ba shi sai ya ce hankici ne ya yar, kuma ba mai zuwa duba shi. Don neman magana ta jawo nawa ta kifa masa a cinya. Bai yar ba, ko da yake ina jin ko ya so ba zai iya ba. Sai na ga ya bi ɗinkin da babban yatsa yana dannawa, ya lashi yatsan ya ɗora a kan gaɓa, ya kawo kunne kusa, kamar mai sauraren inda iska ke fita. Na matsa kusa. Mutum ɗaya na sani a duniya da ke yin haka, maigidana da ya koya mini faci tun ina yaro. Na daɗe da jin cewa ya bi ɗansa wani gari, na ɗauka ma ƙasa ta rufe masa ido. Ya rame, Uwar Yara, mutumin da ke ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai.

Ya ɗaga murya ya ce, "Wane jaki ne ya yi wannan aikin?"

Na durƙusa a gabansa na ce, "Ni ne, Oga."

Ya ƙare mini kallo, sannan ya ce, "Ɗan Famfo? Ka yi furfura amma har yanzu kana barin gefe. Wannan facin ba zai kai ƙarshen titi ba."

A gaban matan nan duka ya faɗa. Sunan da na binne tun kafin in aure ki, yanzu har Shugaba da shi take kirana. Na miƙa hannu zan ɗauke bargon don kunya, ya buge mini hannu, ya ce in bar shi nan, in dawo da allura in gyara a gabansa tunda ba a barina da aiki ni kaɗai.

Na koma na gyara, yana zaune yana zagina, yana ba sauran tsofaffin labarin ranar da na cika wa tayar keke iska har ta fashe na ruga na bar takalmina. Da na sake komawa na tarar wani gefen ya buɗe. Na ɗinke. Na sake komawa, wani wurin kuma. Abin ya dame ni, don na san zaren nan ko jaki aka ɗaure da shi ba zai tsinka ba. Ma'aikaciyar ce ta ja ni gefe ta ce in na tafi, shi yake zama da cokali yana tsintsinke ɗinkin, wani lokaci ya wuni a kan gaɓa ɗaya saboda hannunsa na rawa, sannan ya sa a gaya mini aikina ya sake lalacewa.

Ban nuna masa na sani ba. Na dai canza zare, na koma siriri irin naku, kuma ba na ƙulla ƙarshensa sosai, don kada yatsunsa su sha wahala. Jiya ya duba sabon ɗinkin ya ce kullum hannuna ƙara lalacewa yake yi, na ce a yi haƙuri Oga, a hankali zan koya.

In kin tashi tahowa ki sayo mini irin zaren nan mai saurin tsinkewa da kike ta kuka da shi, da ɗan yawa.

Sai na gan ki. Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naki har kullum,
Ɗan Famfo