Na Ɗauka Yanga Ce, Ashe Ƙashin Baya Ne Ya Karkace

Hajiya Murjanatu, ki taimake ni da shawara. Amma kafin nan ina jan kunnen duk uwar da ke karanta wannan fili: kada ki hukunta ɗiyarki a kan tafiyarta sai kin ga bayanta da idonki.

Ni mutuniyar Gummi ce, na gama sakandare, kuma gidana ba a wasa da tarbiyya. Ɗiyata ta fari, bari in kira ta Zinatu, shekarunta goma sha uku. Tun bara na lura tana tafiya kafaɗa ɗaya sama, ƙugu a karkace. Na ce rangwaɗa ce ta koyo a makaranta. Na yi faɗa, na hana ta zuwa biki, sau biyu har na sa bulala. Rigar makarantarta ta riƙa zuwa gefe ɗaya ya fi tsawo, na je na ci mutuncin Labbo tela a gaban mutane. Tun tana shekara tara na sa mata dogon hijabi, ban kuma sake ganin bayanta ba, don ni a wurina kunya ce.

Wata rana ina fashin salla, na zauna ina duba azahar ɗinta don in gyara mata. Da ta yi ruku'u sai na ga gefen dama na bayanta ya taso. Tana sallamewa na ce ta sake sunkuyawa, na sa hannu in danna wurin ya daidaita. Ƙashi na ji. Abin da ta ce kawai shi ne, "Inna, ai na faɗa miki ba da gangan nake yi ba."

Mun je babban asibiti a Sakkwato, aka ɗauki hoton ƙashi, aka ce ƙashin bayan ya lanƙwashe. Za a yi mata rigar roba mai tauri ta riƙa sawa kusan kullum har ta gama girma. Likitan ya kuma ce suna bincike a kan yara irinta, yana neman izini a riƙa auna ta ana ɗaukar hoton bayanta duk wata shida. Ya ba ni takarda, nan da mako biyu zan mayar. Mahaifinta ya ce ya bar mini. To ni da na shekara huɗu ina rufe yarinya, in sa hannu a buɗe ta a ajiye hotonta? In kuma na ƙi, ina tsoron su yi watsi da mu.

Na tabbata ɗaukar ruwa da ƙwaryar shinkafa daga fadama ne suka jawo. Saboda haka na kafa doka: daga yau babu 'ya mace a gidana da za ta sake ɗora ko da kofi a kanta.

Uwar 'ya'ya huɗu, Gummi

*

'Yar'uwa, Allah ya ba Zinatu lafiya, ke kuma ya sanyaya miki zuciya. Kin yi kuskure, amma idon da ke bibiyar sallarta shi ne ya gano ciwon tun tana da sauran girma, lokacin da riga ke iya amfani.

Na tambayi likitar ƙashi. Ta ce yawancin irin wannan lanƙwasa ba a san sanadinta ba, ta fi tsananta ga 'yan mata lokacin da suke saurin tsawo, kuma ba tulu ko ƙwarya ke kawo ta ba. Rigar ba ta miƙar da baya. Aikinta ta hana shi ƙara karkacewa. Da bincike ko babu, aunawa a kai a kai wajibi ce, don ita za ta nuna ko rigar ta wadatar ko sai an yi tiyata.

Batun takarda, kunyarki tana da hujja, binciken ma yana da tasa, domin har yanzu likitoci na neman sanin wa rigar ta fi yi wa amfani. Shiga ba dole ba ce, kuma ƙin shiga ba ya hana magani. Ki koma ki ce a fassara miki takardar da Hausa. Ki nemi mace ta yi awon kina tsaye, ba fuska a hoto, ba suna. Sannan ki tambayi mai bayan, wato Zinatu. Idan ta ce a'a, magana ta ƙare.

Rigar za ta dame ta da zafin Gummi, za ta so cirewa. Bulala ba za ta sa ta jure ba, amma uwar da ta ba ta haƙuri za ta iya. Ki ba ta haƙurin nan yau, ki kuma biya shagon Labbo ki ba shi nasa.

Dokarki kuwa, ki sauya ta: ƙannenta su ci gaba da aikinsu, amma duk wata a shiga ɗaki a rufe ƙofa, su cire hijabi su sunkuya, Innarsu ta duba bayansu da hannu mai taushi.

Ki gaishe mini da Zinatu. Allah ya raya miki su duka.

Hajiya Murjanatu