Fim Ɗin da Na Kalla ta Taga

Malama, don Allah ki taimaka mini, kuma ki sakaya sunana.

Ni ba mai kai kuka ba ne. Da zarto ɗaya da guduma na fara, yau ina da wurin haɗa kujeru mai ma'aikata goma sha huɗu, ba wanda ya ɗaga ni sai Allah. Amma ga shi fim ɗin katun ya hana ni sakat.

Muna yara akwai wani katun na yarinya mai fitila da ke ƙetare duwatsu, wani dattijo mai doguwar riga yana bin ta a baya. A gidan wani likita a layinmu ake sa kaset ɗin kusan kullum da la'asar. Ni ba a shigar da ni. Bulo biyu nake takawa in manna hancina a gilashin taga. Hoto nake gani, sauti ko kaɗan. Sai na haɗa musu zance a kaina: dattijon nan ubanta ne, yana bin ta a ɓoye kada wani abu ya same ta. Ƙarshen ma ban taɓa gani ba, don daidai nan rana ke juyowa, matar gidan ta saki labule.

Haka na riƙa ba 'ya'yana labarin a mota in zan kai su makaranta, har da canza murya. Ban taɓa gaya musu batun tagar ba.

To an sake yin fim ɗin da mutane na gaske. Autata, da albashinta na farko, ta sayi tikiti ta kai mu silima ni da mamanta. Da yarinyar fim ɗin ta kunna fitilar nan tsikar jikina ta tashi, wallahi har ƙamshin jiƙaƙƙen bulo na ji. Sai dattijo ya buɗe baki. Wai ɓarawo ne, fitilar yake bi! Na miƙe a tsakiyar jama'a na ce sun lalata fim, na fice.

Da muka koma gida, Auta ta nemo tsohon katun ɗin a waya don ta lallashe ni. Malama, ɓarawo ne tun asali. Ta yi dariya ta tambaye ni ko wani fim dabam na kalla. Na daka mata tsawar da ban taɓa yi mata ba. Yau kwana tara, tana gaishe ni daga bakin ƙofa ta wuce, ita da ke zama a hannun kujerata tana tsokanar furfurata.

Mamanta ta ce in ba ta haƙuri. Da wane bayani? Yarana sun san na sha wuya, amma ba su san ni a ɗan leƙen tagar mutane ba. Kuma gaskiya, ji nake kamar an kashe mini wani nawa.

Mai Kujeru

Malam Mai Kujeru,

Ba na raina abin da ka ji. Shekara da shekaru kana tare da dattijon nan, sai a zama ɗaya aka ce maka ɓarawo ne. Dole zuciya ta yi ciwo. Amma masu sabon fim ba su yi maka laifi ba, labarinsu suka maimaita. Uban da kake kewa ba su suka zana shi ba, kai ka yi shi, don haka ba mai iya ƙwace maka shi.

Yanzu dubi ɓangaren Auta. Albashin farko sau ɗaya ake karɓarsa, ita kuma a kanka ta kashe nata. Ka fice ka bar ta cikin mutane, ta biyo ka da lallashi, ka sallame ta da tsawa. Dariyarta ba raini ba ce, ba ta san inda ta taka ba. Yau tana zaune tana neman laifinta, alhali babu.

Kada ka aika mamanta, kada ka saya mata kyauta a madadin magana. Kira ta ku biyu, ka fara da ban haƙuri, sannan ka faɗa mata komai, har bulo biyun. Kunyar da kake tsoro ba za ta kai tsawon minti biyar ba. 'Yar da ta girma da labarin uba mai tsaron 'yarsa ba za ta raina yaron da ya ƙirƙiro shi ba.

In kun shirya, kai ka sayi tikitin wannan karon, ka zauna har a kunna fitilun zauren. In bai yi maka ba, ka faɗa mata a mota ku yi ta musu. Amma kada a shiga kwana na goma tana gaishe ka daga bakin ƙofa.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya ƙara wa sana'a albarka.