Katin da Yayana Ya Ɓoye a Mota

Anti, don Allah ki taimake ni, zuciyata ta cika har abinci ba ya wuce mini. Shekaruna ashirin da shida, malamar firamare ce ni. Shekara huɗu ke nan da aka yi mini aiki aka cire wani ƙari a fankiriyas, abin nan da ke bayan tumbi mai daidaita sukarin jiki. An ce irinsa ba kasafai ake gani ba, kuma 'yan mata ya fi kamawa. Ranar sallama ina kwance ina fama da ɗinki, sai likita ya kira babban yayana ofis, kamar cikin nasa aka yanka. Ya fito yana washe baki, wai an cire an gama. Na yarda, don tun rasuwar Baba shi ne ubanmu.

Watan jiya ciwo ya dawo ta gefen dama. Hoton ciki da aka yi mini a asibiti ya nuna abin ya tsiro a hanta, wuri biyu. Sabon likitan ya tambaye ni dalilin da ban taɓa zuwa hoton wata shida-shida ba, na ce masa ban taɓa jin zancen ba. A hanyar gida ina neman tishu a aljihun motar Yaya, sai ga katin asibiti da sunana a ƙarƙashin takardun mota, ranakun duk a rubuce. Da na tambaye shi, wai ya ga na fara dariya na koma aji, bai so a riƙa tayar mini da hankali. Kin ji wai tausayi ke nan. Baƙin man motarsa bai taɓa wuce ranar canji ba, ni ce aka bar wa Allah.

Umma ta ce in yi haƙuri, nufinsa alheri ne. An sa mini ranar ganin likitan tiyata, shi kuma ya ce zai kai ni. Wallahi na fi son in fasa da in sake shiga motar nan. Na tsane shi, kuma ina jin kunyar faɗa.

Mai Tabo a Ciki

Ƙanwata, sannu. Fushinki yana kan hanya, ba zan ce ki haɗiye shi ba. Yayanki ya yi kuskure babba, likitan da ya tsallake mai jikin ya yi magana da ɗan rakiya shi ma bai kyauta ba. Sai dai wanda ya ajiye kati shekara huɗu bai yaga ba, ina jin bai taɓa samun natsuwa da abin da ya yi ba. Tsoro ne ya sa shi, tsoron kuma bai wanke shi ba.

Amma in kin fasa zuwa, hantarki kika hukunta, shi lafiyarsa ƙalau. Ni ba likita ba ce, ban kuma san abin da hoton zai canza ba da an yi shi a kan lokaci. Na dai san likitoci ba sa ɗaukar dawowar irin wannan ƙari a matsayin ƙarshen magana, shi ya sa aka sa miki rana.

Ki hau tasi. Ki tafi da ƙawar da kika amince da ita, da littafi da biro, ki shaida wa likita cewa daga yau ke za a riƙa faɗa wa komai, mai daɗi da marar daɗi. Yafiya za ta iya jira har ki samu ƙarfinta, wannan ranar kuwa ba ta jira. Allah Ya ba ki lafiya, Ya sa a dace. Sabon katin kuma ki sa shi a jakarki.