Makullin Ɗakin Ƙasa

Buffalo, 19 ga Janairu, 2009

Zuwa ga ƙanwata Halina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da maigidanki Anselm, Allah ya ƙara masa sauƙin ƙafar nan. Mu nan muna raye. Shekara talatin da ɗaya ke nan da Baba ya miƙa wa ƙanena Kazik makullin ɗakin ƙasa, wato na ƙarƙashin gida inda tukunyar tururi take, a gabana, ni babba, ni da na karanta injiniya. Tun ranar ban sake zama mai magana a gidanmu ba, sai dai mai surutu.

Kin san tukunyar tururin da ke ɗumama gidan ta tsage a watan Nuwamba. Kazik ya sayo sabuwa, ya ɗauko wani abokinsa suka haɗa ta, ba tare da takardar izinin hukuma ba. Na ce masa doka ta wajabta a sa na'urar da ke kashe wuta idan ruwa ya yi ƙasa, kuma sai sufeto ya duba. Ya yi dariya, ya ce Farfesa ya fara lacca. Wai Baba shekara da shekaru yana sauka kowace safiya da kofin kofi a hannu yana leƙa gilashin da ke nuna yawan ruwan tukunyar, kuma idon mutum ya fi ƙarfe. Na ce Baba bai taɓa fashin kwana ɗaya ba, shi fa?

Mura ta kwantar da Kazik kwana uku, ba wanda ya leƙa gilashin. Ranar Alhamis da safe na zo kawo wa Mama burodi, tun daga ƙofa na ji ƙaurin ƙarfe. Na sauka na tarar gilashin babu ko ɗigo, gindin tukunyar ya yi ja, Kazik yana tsaye hannunsa a kan famfon ruwan sanyi. Halina, da ya murɗa shi ruwan sanyi ya taɓa jan ƙarfen, da tukunyar ta fashe, kuma kujerar Mama tana daidai samanta. Na riƙe hannunsa da dukan ƙarfin tsufana, yana zagina, har na kai ɗaya hannun na rufe gas. Daga nan muka fitar da Mama cikin bargo.

Sufeto ya zo ya liƙa jar takarda, aka yanke gas. Ya ce ba mai kwana a gidan sai an sake aikin bisa doka, an duba. Kafin izini ya fito sanyi ya fasa bututu, ruwa ya sauko da rufin ɗakin Mama. Kazik bai ba ni haƙuri ba, makullin kawai ya ajiye mini a kan tebur.

Ki gaida Anselm, da Renata, da jikokinki. Idan za ki rubuto wa Mama, kada ki aika tsohon adireshi. Tana gidan kula da tsofaffi, kuma likita ya ce ba za ta koma ba. Shekara hamsin da takwas ta yi a gidan nan.

Yayanki,
Leopold