Igiyarka Ta Tsinke a Hannuna, Baba

Arlit, ranar Laraba, mako na biyu na Fabrairu, ƙarfe shida da minti arba'in na safe.

Zuwa ga mahaifina, Malam Habu mai garka, Allah ya jiƙan ka.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ka koya mini, ina sanar da kai Inna tana lafiya, ƙannena ma haka. Yau wata goma da kwana shida da rasuwarka. Ina zaune a garkarka ta dabino, gefen kwamin ruwa, na ɗora shayi a kan gawayi, akwai igiya a jiƙe cikin kwamin. Ina rubuta wannan a waya, kuma zan sa shi a shafina. Masu karantawa su yi haƙuri, ba da su nake ba. Da kai nake, don na yi maka ɓarna, kuma ba zan iya hawa dabinonka ban faɗa maka ba.

Na gama lakwal, Baba. Takardar da ka yi ta jira ta fito wata huɗu bayan ka tafi. Na karanci kiyaye haɗari a wurin aiki, na yi sitaj, koyon aiki na wata uku, a ma'adinai, har yanzu ina jiran kira. Abin da aka fi cusa mana shi ne kada mutum ya ɗora ransa a kan abin da bai gwada ba. Ka riƙe wannan, don shi ya kai ni inda na je.

Ranar Asabar ƙunshin fure na farko ya tsage a kan Ta Gabas, macen dabinon da ka ɗauko tana 'yar tsiro daga Iferwan a bayan kamiyo, babbar motar kaya. Ka san in ba a hau an ɗaura mata furen namiji cikin 'yan kwanaki ba, bana ba ta da 'ya'yan kirki. Sauran shidan ma suna tafe. Mutum biyun da ke yi wa mutane hawa sun tafi haƙar zinariya. Maƙwabcinka Baba Aghali gwiwa ta hana shi ko hawa jaki. Inna kuwa sau biyu na same ta tsaye ta ɗaga kai tana kallon furen.

Ba ka taɓa koya mini hawa ba. Duk lokacin da na roƙe ka, amsarka ɗaya ce: "Mahayi ɗaya ya ishi gida ɗaya. Kai je ka yi karatu." Na je na yi. Ga shi gidan ya wayi gari ba mahayi ko ɗaya.

Na fara da abin da na iya. Na auna tsawon Ta Gabas da inuwarta da sanda, ta kai mita tara da rabi. Na hau sikeli a shagon mai gero, kilo sittin da takwas nake. Ranar Lahadi na shiga kasuwa wajen masu tsofaffin kayan aiki, na tarar da ɗamarar hawa guda uku, irin mai shiga cinya da kafaɗa. Ta farko ɗinkinta ya fara zare. Ta biyu an kankare takardar da ke nuna shekarar da aka yi ta. Ta uku ta yi kyau a ido, amma da na tambayi mai kayan ko an taɓa faɗowa da ita, sai ya yi dariya ya ce, "Ɗan lakwal, wanda ya faɗo ai ba ya dawowa ya ba da labari." Na ajiye masa kayansa na tafi.

Illa ne ya cece ni, abokina da ke aikin turakun wuta a layin da ya taso daga Anu Araran. Ya ara mini ɗamararsa ta ajiya wadda ya san tarihinta, da hular kwano, da ƙugiya biyu masu makulli. Na duba kowane ɗinki da yatsa. Amma da muka zo garka muka gwada, sai muka ga matsala. Ɗamarar tana buƙatar abin da za ta kama, kuma maɗaurin nailan ɗinsa yana zamewa a inda jikin dabinon ya yi sulɓi, ya maƙale a inda guntayen rassa suke. Illa ya ce, "Turke na sani, Sani. Wannan sai igiyar tsohonka."

Tana rataye a ɗakinka inda ka bar ta, a ƙusa ta bayan ƙofa. Igiyar kaba da ka tufka da hannunka, da faffaɗar fatar raƙumi a tsakiya inda bayanka yake jingina. Fatar ta yi baƙi da guminka, ta lanƙwashe daidai ƙugunka. Inna takan share ɗakin kullum, amma ba ta taɓa motsa ta ba. Da na sauko da ita, sai da na zauna a bakin gadonka na ɗan lokaci. Har yanzu tana warin hayaƙi da shayi.

Ga abin da na yi ranar Litinin, ƙarfe goma na safe. Na rataya ta a ƙarfen da ke gicciye a bakin rijiya, na ɗaura mata buhun siminti biyu, kilo ɗari ke nan. Lissafina shi ne, in ta ɗauki ɗari na minti ɗaya, za ta ɗauki sittin da takwas. Ina ƙirga daƙiƙa da baki. Na kai arba'in da ɗaya na ji ƙara kamar an karya busasshen kara. Buhunan suka faɗi, igiyarka ta rabu biyu, garin kaba yana tashi daga inda ta tsinke.

Kunya ce za ta sa in ɓoye maka wannan, amma zan faɗa: abin da na fara ji daɗi ne. Na ce karatuna ya yi rana, da na hau da ita da na mutu.

Baba Aghali ya ji ƙarar ya taho yana dogara sanda. Ya dubi buhunan, ya dube ni. Ya ɗauki guntun da ya fi tsawo ya jefa a kwami, ya nemi wuri ya zauna ya ce in dafa shayi. Na dafa. Muka sha na farko, muka sha na biyu, muka sha na uku. Sannan ya ciro guntun, ya ƙulla shi a ƙarfen, ya ce in mayar da buhunan. Na ƙirga har ɗari uku, Baba. Ko kuka ba ta yi ba.

Sai ya ce da Hausarsa da ka sani, "Shekara nawa kana gani ubanka yana shan shayi a nan? Kana tsammani kwaɗayi ne? Igiya yana sha, shi ma yana sha. Ba a hawa da igiya mai ƙishi."

Na gani, Baba. Sau ɗari na gani. Kana isowa garka za ka cilla igiyar cikin kwami kamar wanda ya gaji da ita, ka hura gawayi. In na ce rana tana yi, mu fara aiki, sai ka ce, "Dabino ba ya gudu." Na ɗauka jinkiri ne irin na tsofaffi. Har na taɓa yi wa Inna ƙorafi cewa kana ɓata sa'a guda kullum a kan kofi uku. Ashe agogonka ke nan. Igiyar da ta yi wata goma a ƙusa ba ta ga ruwa ba, ni kuma na zo na ɗora mata siminti.

Faɗa wa Inna ya fi mini ɗaukar buhunan nauyi. Na ajiye guntayen a gabanta na yi bayani tun daga kilo har daƙiƙa. Ta bari na gama, ta shafa fatar da tafin hannu, ta ce, "Gara ita da kai." Daga nan ta tashi ta shiga ɗakinka ta jima. Da ta fito, ƙusar ma ta cire ta.

Jiya Baba Aghali ya tufka mini sabuwa. Ya ce ko da taka ba ta tsinke ba, ba zai bar ni in hau da ita ba, don kowane mahayi da jikinsa ake auna masa, kuma na fi ka tsawon hannu. Ya sa na jingina da gindin Ta Gabas, ƙafa a jikinta, na kwanta baya har tafin hannuna ya taɓa ta ba tare da na miƙe ba, ya yi alama a nan. Da na fito da mita zan auna, ya buge mini hannu. Na auna bayan ya tafi: mita biyu da santi talatin. Fatarka kuwa ya warware ta ya saka a sabuwar. Ya ce fata ba ta mutuwa da wuri.

To ga abin da na zaɓa, ka duba mini. Igiyar kaba ce za ta ɗauke ni. Ɗamarar Illa tana jikina, maɗaurinta zagaye da dabinon a ƙasa da igiyar, don in ɗaya ta saki ɗaya ta riƙe. Hula a kai. Takalmi kuwa na cire, Baba Aghali ya ce dabino da tafin ƙafa ake jin sa. Ya yi ta dariyar hular, ya ce in kula kada tsuntsaye su ɗauka injiniya ya zo rushe musu gida. Jiya da la'asar na hau mita biyu na sauko, sau goma sha ɗaya. Fatar ba ta zauna mini daidai ba, tana neman ƙugun da ba nawa ba.

Kofi na biyu ya ƙare. Furen namiji yana nan a naɗe cikin tsumma, mun saro shi daga gajeren namijin dabinon da ke bayan rijiya. Illa ya iso, yana ta duba ƙugiyoyin.

Na saba rufe rahoto da abin da ba a tabbatar ba, shi ya sa zan lissafa maka.

Ban sani ba ko furen Ta Gabas zai karɓa, yau kwana huɗu da tsagewarsa.

Ban san yadda ƙafata za ta yi ba in na wuce mita biyu.

Ban san abin da kake karantawa ba in ka dafa gindin kafin ka hau. Ina ganin leɓenka yana motsi, ban taɓa tambaya ba. Zan yi bisimilla.

Ban sani ba ko da za ka yi mini faɗa a kan igiyar, ko dariya za ka yi har ka yi tari.

Kuma ban san abin da kake tsayawa kallo ba in ka gama ɗauri, lokacin da kake jingina baya ka juya gabas ka yi shiru, mu muna ƙasa muna jira. Wannan ɗaya, in Allah ya yarda, zan sani kafin ƙarfe takwas.

Allah ya gafarta maka, Baba, ya yalwata kabarinka, ya sanyaya shi kamar gindin dabinon nan da hantsi. Allah ya saka maka da kowace ƙwayar da wani ya ci daga garkar nan. Ni kuma ya riƙe ni a sama, ya sauko da ni lafiya gaban Inna.

Na zuba kofi na uku. Ba zan yi sauri ba.

Ɗanka mai kewarka,
Sani