Gyaran da Na Yi wa Habibatu

Gwallaga, Bauchi.

Zuwa ga ƙanena Fakhruddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyalinka a Fatakwal, Allah Ya ƙara rufa asiri. Mu nan lafiya lau, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi. Ka lura da hannuna na rubuta wannan, domin na kammala ajin manya, kuma malamarmu, Malama Agnes, ta shaida cewa wajen aya da waƙafi babu na biyuna.

Dalilin rubutowa shi ne 'yarka Habibatu. Ta shiga koyon gina shafin intanet a Yelwa, aka ce ta saka wata manhaja a kwamfutarta, wai ita edita, inda ake rubuta yaren na'ura. A matsayina na uba na zauna kusa da ita har ta gama sakawa. Na tambaye ta mutanen wace ƙasa ke magana da yaren, ta ce babu, rubuta shi kawai ake yi. Ban gane ba.

Jiya ta tafi kasuwa ta bar aikin a buɗe. Da na duba, babu layi ɗaya da ya fara da babban baƙi, ga aya bisa waƙafi ko'ina, ga baka an buɗe a sama ba a rufe ba sai can ƙasa. Tunda editan bai yi aikinsa ba, na gyara mata tsaf, na adana yadda na ga tana yi, na rufe. Abin da ya ɗaure mini kai, duk inda na gyara sai jan layi ya fito a ƙarƙashinsa, inda na bar kuskure kuwa babu.

Da ta dawo ta buɗe, shafin ya fito fari fat. Ta ce ranar Alhamis za a duba aikin, wanda nasa bai fito ba kuma ba zai wuce aji na gaba ba. Ba ta ɗaga mini murya ba. Ta shiga ɗaki, ko tuwo ba ta ci ba.

Kai ne ka san na'ura, ka kira ta yau don Allah. Har yanzu ban san wa ke da gaskiya tsakanin editan da Malama Agnes ba. Amma in ƙa'idarsu ce a bar kurakuran, ka faɗa mini su ɗaya bayan ɗaya, ni zan mayar da su da hannuna kafin Alhamis.

Ka gaida Sa'adiyya da Umar. Inna tana sa muku albarka.

Yayanka,
Abdulbaqi